Dariyar da na yi wa ɗan yayata, da abin da na gano daga baya

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare. Akwai rashin kyautawa da na yi wa wani yaro shekara uku da suka wuce, kuma labaran da ke fitowa daga jami'o'in Amurka tun watan Satumban 2025 suka sa na ga ya kamata in faɗi laifina a gaban mutane, tunda a gaban mutane na yi shi.

Yaron ɗan yayata ne. Faransanci ya karanta a digirin farko, ya yi bautar ƙasa, ya ɗan koyar a wata makarantar kuɗi, sannan Allah ya ba shi gurbin ƙaro karatu a wata jami'a a Amurka, a sashen da ke nazarin Sifaniyanci da harshen Fotugal da al'adun masu magana da su. Ranar da aka taru yi masa sallama a falon Yaya, na tambaye shi takamaiman abin da zai karanta. Da ya faɗa, sai na ce: "Wato duk faɗin Amurka, ba likitanci, ba injiniya, ba kwamfuta, sai yaren 'yan ƙwallon Barcelona? To in ka dawo sai mu nema maka aikin tafinta a gidan kallon ƙwallo." Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi murmushi ya ce, "Kawu, a dai sa mu a addu'a." Yaya ba ta yi dariya ba. Da dare ta kira ni ta ce ban kyauta ba, na ce mata ai wasa ne. Gaskiyar magana ba wasa ba ne, abin da ke raina kenan.

Bari in fara da su wane ne malaman da ya je wurinsu, don ni ma a lokacin ban sani ba. A Amurka akwai mutanen da ake kira Hisfanik ko Latino. Hisfanik na nufin wanda asalinsa ya fito daga ƙasar da ake magana da Sifaniyanci, har da ita Sifaniya ɗin. Latino kuma wanda asalinsa daga Latin Amurka ne, don haka ɗan Birazil yana ciki ko da yake shi harshen Fotugal yake yi. Ƙidayar 2020 ta nuna sun haura miliyan 62, kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar a ƙasar. Kuma ba dukansu ne baƙi ba. Kalifoniya, Nevada, Utah da mafi yawan Arizona da New Mexico duk ƙasar Meksiko ce kafin yarjejeniyar 1848 da ta kawo ƙarshen yaƙin ƙasashen biyu. Teksas ma ta Meksiko ce kafin ta ɓalle, Amurka ta haɗe ta a 1845. Mutane suna zaune a garin kakanninsu aka ja iyaka ta bi ta kansu. Duk wanda ke da dangi a Maraɗi ko Damagaram ya san irin wannan labarin.

Shekara da shekaru jami'o'in Amurka suna koyar da adabin Sifaniya, amma tarihin waɗannan mutane na cikin gida ba ya cikin manhaja. Sai da ɗalibai suka tashi. A watan Maris na 1968 dubban 'yan sakandare a gabashin Los Angeles suka fice daga azuzuwa suna zanga-zanga. A watan Nuwamban shekarar ɗaliban San Francisco State suka shiga yajin karatu na kusan wata biyar, wanda ya haifar da kwalejin nazarin ƙabilu a 1969. A wannan shekarar Rodolfo Acuña ya jagoranci kafa sashen nazarin Amurkawa 'yan asalin Meksiko a jami'ar da yanzu ake kira Cal State Northridge, ya kuma fitar da littafinsa Occupied America a 1972. A New York aka kafa cibiyar nazarin mutanen Puerto Rico a 1973. Wato fannin nan ba kyauta aka ba su ba, ƙwato shi suka yi.

Wanda ya fi burge ni cikinsu shi ne Américo Paredes na Jami'ar Teksas a Austin. A 1958 ya wallafa littafi sukutum a kan waƙar baka guda ɗaya, wadda talakawan bakin iyaka ke rerawa game da wani mutum, Gregorio Cortez, da jami'an tsaro suka yi wa farauta a 1901. Ya ɗauki abin da mawaƙa suka adana ya gwama da takardun kotu da jaridu, ya nuna cewa labarin da hukuma ta rubuta ba shi ne kaɗai labarin ba. Da yaron ya ba ni wannan bayani, Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ne suka faɗo min a rai. Su ma ai an taɓa yi musu kallon masu ɓata lokaci a kan makaɗa. Yau in kana son sanin yadda fada take a zamanin Narambaɗa, ko abin da ya sa Shata ya zama Shata, wurin irinsu za ka je.

To amma ba wannan ne ya karya min gwiwa ba. Wani dare cikin azumi, a shekararsa ta farko, ya turo min hoto ta WhatsApp ya ce, "Kawu, don Allah karanta min wannan." Shafi ne na tsohon littafi, rubutun hannu, baƙaƙen Larabci irin na Magariba, fa mai ɗigo a ƙasa, ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, kamar dai rubutun allonmu. An yi masa wasali tsaf. Na karanta Bisimilla ba matsala. Daga nan sai na ji ina furta kalmomi amma ban gane ko ɗaya ba. Ba Larabci ba ne, ba Hausa ba, ba Fulatanci ba. Na ce masa wannan wane irin ajami ne? Ya ce, "Ka faɗi sunansa da kanka, Kawu. Ajami ne. Sifaniyanci ne aka rubuta da baƙaƙen Larabci, kuma su ma sunan da suke kiransa, aljamiado, daga kalmar ajamiyya ya fito."

Ga yadda abin yake. Bayan faɗuwar Garnaɗa a 1492, an tilasta wa Musulmin Sifaniya shiga Kiristanci, yanki bayan yanki, har zuwa 1526. A 1567 aka kafa dokar hana magana da rubutu da Larabci. Tsakanin 1609 da 1614 aka kori kimanin mutum 300,000 daga ƙasar baki ɗaya. Da yawansu tun kafin nan Larabci ya kuɓuce musu, Sifaniyanci suke yi a gida, amma suka riƙe baƙaƙen. Da su suka rubuta hukunce-hukuncen alwala da salla a mazhabar Malikiyya, da addu'o'i, da ƙissar Annabi Yusuf a waƙe. Tun 1462 wani malami a Segovia, Isa na Jabir, ya rubuta musu taƙaitaccen littafin addini a harshen da suke ji. Da wuta ta yi wuta, sai suka riƙa ɓoye littattafan cikin bango da ƙarƙashin daɓe. A 1884 magina suna gyaran wani tsohon gida a ƙauyen Almonacid de la Sierra, a yankin Aragon, suka ci karo da tarin littattafai a ɓoye ƙarƙashin daɓen katako. Sun yi kusan shekara 300 suna jiran mai karanta su.

Su wa suka karanta su? Irin waɗannan malaman da na yi wa dariya. Julián Ribera da Miguel Asín Palacios a Sifaniya suka jagoranci tsara kundin littattafan. L. P. Harvey a Landan ya ƙarar da rayuwarsa a kan tarihin mutanen. Luce López-Baralt, wata farfesa a Jami'ar Puerto Rico, ta yi shekaru tana bin waɗannan rubuce-rubuce tana nuna sawun Musulunci a cikin adabin Sifaniya. Ba Musulmi ba ne, amma da ba su zauna sun koyi Larabci da tsohon Sifaniyanci ba, da muryar waɗancan bayin Allah ta tafi kenan.

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, duk watan Maulidi yana zama da Ishiriniya, mu kuma muna amshi. Ban taɓa tambayar daga ina Alfazazi yake ba. A Kurɗuba aka haife shi, garin da yau ake kira Córdoba, ya rasu a Maroko a 1230. Ibn Malik mai Alfiyya, wadda duk ɗalibin nahawu a zaurukanmu ya sha wuyarta, haifaffen Jayyan ne, wato Jaén. Ibn Asim mai Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalanmu suka daɗe suna shari'a da shi, alƙalin Garnaɗa ne. Alƙali Iyal mai Ashafa a Sabta aka haife shi, garin da ke hannun Sifaniya har gobe, ya kuma yi alƙalanci a Garnaɗa. Ashe rabin akwatin littattafan Baba daga ƙasar da nake kira ta 'yan ƙwallo ya fito. Yaron ya ƙara min da cewa shugaban gari a Sifaniyanci alcalde ne, daga kalmar da ta ba mu alƙali. Suna cewa hasta inda muke cewa hatta. Zaitun a wurinsu aceituna ne. Rijiya ɗaya muka sha da su, kowa da gugansa.

Bayan wata biyu ya sake turo wani hoton. Wannan karon 'yar takarda ce mai alamar ninki, da ayoyi da hatimi. Ko ba a faɗa ba na san laya ce aka warware. Ya ce tana ajiye a ma'adanar takardun jihar Bahia a Birazil, cikin kayan da 'yan sanda suka ƙwace bayan boren bayi Musulmi na Janairun 1835 a birnin Salvador, wanda aka yi cikin watan Ramadan. Yawancin masu boren nan Yarabawa ne, da Hausawa kaɗan a ciki. Amma kafin shi, yunƙurin 1807 da aka tona asirinsa tun ba a fara ba, da tashin 1809, da na 1814, Hausawa ne a gaba. Lissafa shekarun da kanka. An fara Jihadi a 1804. Waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen nan, daga kowane ɓangare, wasunsu an gangara da su bakin teku an sayar, jirgi ya sauke su a Bahia. A takardun hukumar lokacin har kalmar malomi ta fito, wadda masana ke dangantawa da malam. Wani jakadan Faransa a Bahia, Francis de Castelnau, ya zauna da wasu daga cikinsu ya yi musu tambayoyi game da ƙasarsu, ya wallafa a 1851, suna ambaton Kano da Katsina da Zazzau.

Mu a nan, a darasin tarihi an koya mana tutoci da sarakuna da ranakun yaƙi. Ba a taɓa ce mana ga inda wasu daga cikin waɗanda aka kama suka ƙare ba. Wanda ya bi sawunsu cikin takardun kotu na harshen Fotugal shi ne João José Reis na Jami'ar Tarayya ta Bahia, wanda littafinsa kan boren 1835 ya fito a 1986, aka fassara shi zuwa Turanci a 1993. Sai Manuel Barcia, ɗan Kyuba da ya daɗe yana koyarwa a Leeds ta Ingila, wanda a 2014 ya wallafa littafi yana nuna yadda mayaƙan Yammacin Afirka suka kai dabarun yaƙinsu Bahia da Kyuba. Tarihinmu ne, na jininmu, amma yana kwance cikin harshen da ba mu iya ba, kuma muna yi wa mai son koyonsa dariya.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na yi rubutun. Fannin nan yana cikin matsi. Ba yau aka fara ba. A 2010 jihar Arizona ta yi dokar da ta sa aka rufe darasin nazarin Amurkawa 'yan asalin Meksiko a makarantun Tucson a farkon 2012, sai a 2017 wani alƙalin tarayya ya yanke cewa ƙiyayyar launin fata ce ta haifar da matakin. A 2023 Jami'ar West Virginia, saboda giɓin kasafi, ta soke dukkan digirinta na harsunan waje. A watan Maris na 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a umarnin da ya ayyana Turanci a matsayin harshen hukuma. A watan Satumba gwamnatinsa ta sanar da tsayar da tallafin kusan dala miliyan 350 na jami'o'in da ke hidima ga tsiraru, wanda kaso mafi girma na zuwa ne ga waɗanda aƙalla kashi 25 cikin 100 na ɗalibansu Hisfanik ne. A watan ne kuma aka dakatar da kuɗin cibiyoyin nazarin yankunan duniya da harsunansu, shirin da ya samo asali tun dokar 1958, bayan Rasha ta harba Sputnik.

Wani zai ce ina ruwanmu, rigimar Amurkawa ce. To ga ruwanmu. Wannan shirin na ƙarshe ba Latin Amurka kaɗai yake ɗauka ba, har da cibiyoyin nazarin Afirka, kuma da irin kuɗinsa aka daɗe ana koyar da harsunan Afirka a can, har da Hausa. Ku tuna Paul Newman na Jami'ar Indiana, wanda ya taɓa shugabantar cibiyar nazarin harsunan Najeriya a Kano, ya kuma fitar da katafaren littafin nahawun Hausa a 2000. Ku tuna marigayi Russell Schuh na UCLA. Wuƙar da ta yanka malamin Sifaniyanci ba za ta tsallake malamin Hausa ba. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake cewa ka yi.

Na kira yaron na tambaye shi halin da ake ciki. Ya ce shi dai alhamdu lillahi, koyar da 'yan aji ɗaya yake yi ana biyansa, amma kowa a sashen a ɗarare yake. An rage yawan sababbin ɗaliban da za a ɗauka, malamar da ke duba aikinsa kuma ta ce masa ya hanzarta ya gama. Na ce to in abin ya ƙi fa? Ya ce, "Sai in dawo gida, Kawu, ai ka yi min alkawarin aiki a gidan ƙwallo." Ya faɗa yana dariya. Ni kuwa kunya ce ta rufe ni. Ashe bai manta ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, dalilin da ya sa na yi masa waccan maganar bai gushe ba. Na san masu digirin tarihi da harsuna da ke tuƙa Keke Napep. Na san uban da ya sayar da gona ya biya kuɗin makaranta ba labarin Andalus yake jira ba, albashi yake jira. Kuma a can Amurka masu sukar waɗannan sassa suna cewa wasu malaman sun mai da aji dandalin siyasa. Ba mamaki akwai masu yin hakan, tunda fannin da aka haifa cikin zanga-zanga da wuya ya rabu da ita kwata-kwata. Amma maganin malamin da ya karkace shi ne wani malamin ya zo da hujja ya miƙe shi. Rufe sashen ba ya gyara komai, takardun dai su koma ƙarƙashin daɓe.

Ko ta fuskar abinci ma lissafina bai cika ba. A Janairun 2025 Birazil ce ta sanar da shigar Najeriya cikin ƙasashe abokan BRICS. A watan Agusta Shugaba Tinubu ya kai ziyarar aiki can, aka sa hannu a yarjejeniyoyi har da ta zirga-zirgar jiragen sama. Ikwatoriyal Gini, wadda babban tsibirinta ke kusa da gaɓar tekunmu, Sifaniyanci na cikin harsunan hukumarta. A wurin aikinmu an taɓa kawo wasu takardun injinan noma cikin harshen Fotugal, muka yi sati muna juya su, a ƙarshe da manhajar fassara ta waya aka lallaɓa, kowa yana addu'ar kada a yi kuskure a adadi. Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ife ta daɗe tana koyar da harshen Fotugal. Mu da ke da kakanni a takardun Bahia, me ya hana mu? Muna zama da mutane a teburin ciniki, sun karance mu, mu ba mu san komai a kansu ba sai sunayen 'yan wasansu.

Abin da na fahimta a ƙarshe shi ne, al'ummar da ta ware wasu 'ya'yanta suka zauna suna nazarin wata al'umma ba asara ta yi ba. Amurkawa 'yan asalin Meksiko sun yi faɗa don a karanta tarihinsu, kuma a sassan da ke maƙwabtaka da nasu ne ɗan yayata ya tarar da ajamin Aragon da layar Bahia. Wanda ya shiga neman labarin wasu, sau da yawa nasa yake tararwa a can.

Babbar 'yata za ta cike fom ɗin JAMB bana. Tun tana aji uku nake ce mata lauya za ta zama. Kwanan baya ta same ni ta ce, "Abba, ni fa harsuna nake so." Na buɗe baki zan yi irin waccan maganar, sai na tuna falon Yaya, na yi shiru. Na ce ta kira yayanta na Amurka su yi magana, ya faɗa mata daɗin abin da wuyarsa, kada ya ɓoye mata komai. Ban ce na daina tsoro ba. Ina tsoron ranar da za ta gama ta zauna a gida. Amma na daina ɗauka cewa tsorona ilimi ne.

Kai kuma ɗana, na san kana karanta abin da nake rubutawa a nan ko da ba ka cewa komai. A gaban mutane na yi maka dariya, ga shi a gaban mutane ina ba ka haƙuri. Ka gama lafiya ka dawo. In ka tashi fassara takardun nan na Bahia, ka yi su da Hausa tukuna, don jikokin masu su su ji. Yaya, ke ma ki yafe min, ke kika fi ni gaskiya.

Masu 'ya'ya a jami'a, musamman waɗanda yaransu suka zaɓi abin da ba ku so, ina son jin yadda kuka yi. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya jiƙan magabatanmu, na nan da waɗanda ƙasarsu ta kira su a Bahia ba tare da kowa nasu ya san kabarinsu ba. Amin.